Waiwaye: Sifili da Ɗayan da Ke Bayan Kowane Adireshi

Duk wanda ya yi aiki a shagon intanet a farkon shekarun 2000 ya san wata 'yar takarda da ake mannawa a bango, daidai saitin babbar kwamfutar da ke teburin oga. Layi huɗu ne a jikinta, duka lambobi da ɗige-ɗige a tsakaninsu: adireshin IP, da maski, da ƙofar fita, da DNS. Ma'aikacin kamfanin da ya kafa dish a saman rufi shi ke rubuta ta ranar da ya gama aiki, ya ce a kula da ita, ya hau mota ya koma Legas ko Abuja. A lokacin wayar salula ba ta daɗe da shigowa ba, don a watan Agustan 2001 aka fara sayar da layukan GSM a Najeriya, manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 kuwa sai a 2010 suka fara aiki. Mu a Arewa intanet ɗinmu daga tauraron ɗan'adam yake saukowa, ga tsada ga nawa. Ranar da kwamfutar oga ta lalace aka sake ɗora mata Windows, wannan takardar ce kaɗai za ta dawo da shago bakin aiki. Idan ta ɓace, an rufe ke nan har sai an samu mutumin kamfani a waya.

Mu yaran shago mun haddace lambobin tsaf. Mun san kwamfutar da ke raba wa sauran intanet 192.168.0.1 ce, ta gaba a ba ta 2 a ƙarshe, ta gabanta 3, a yi ta tafiya har ta ashirin. A gurbin maski kowa 255.255.255.0 yake zubawa ido rufe. Da wannan haddar mutane da yawa sun ci abinci, wasu har sun yi suna a unguwa ana kiransu injiniyoyi. Amma da za ka tare ɗayanmu ka tambaye shi me ya sa lamba ba ta taɓa wuce 255, ko me ya sa maskin da kamfani ya rubuta a takardar bango ya ƙare da 248 alhali namu na cikin shago ya ƙare da sifili, amsar guda ce: haka aka ba mu.

Na fara jin amsa ta gaskiya a wani aji na yamma da ake shirya matasa don jarrabawar CCNA ta kamfanin Cisco, wadda a lokacin duk mai son aikin sadarwa a banki ko kamfanin waya yake hanƙoron samu. Malaminmu dattijo ne da ya daɗe yana aikin sadarwa tun zamanin wayar tangaraho, mu dai Injiniya muke ce masa. Akwai rauta biyu da suwic a kan tebur a gaban aji, mu kuwa su muka zo taɓawa. Sai ya rufe su da ƙyalle, ya ɗauki alli ya rubuta lambobi takwas a saman allo: 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1. Ya ce babu mai goge wannan layin har a gama karatu.

Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, mu fa aikin hannu muka zo koyo. Lissafi ai mun baro shi a sakandare."

Injiniya ya ce, "Yaro, na'urar nan da kake ɗokin taɓawa ba ta san 192 ba, ba ta taɓa ganinta ba. Don kai aka rubuta 192. In kana son ka san abin da take yi, sai ka koyi ganin abin da take gani."

Abin da take gani shi ne sifili da ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a cikin waya ko na'ura, abu mafi sauƙin bambancewa shi ne hali biyu, akwai wuta ko babu, sama ko ƙasa, kuma ko da an samu 'yar tangarɗa a kan layi da wuya a rikita su. Lissafin kansa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Masanin Jamus Gottfried Leibniz ya wallafa bayaninsa a 1703, sannan a 1937 wani ɗalibi a Amurka, Claude Shannon, ya nuna a kundin digirinsa na biyu cewa da makunnan lantarki za a iya aiwatar da irin wannan lissafi. Kowane gurbi guda da ke ɗaukar sifili ko ɗaya shi ake kira bit.

A ƙidayar da muka taso da ita, ta goma-goma, darajar gurbi tana ninkuwa sau goma duk lokacin da ka matsa hagu: ɗaya, goma, ɗari, dubu. A ƙidayar bainari, wato ta sifili da ɗaya, ninki biyu take yi, shi ya sa layin allo ya fara da 1 daga dama ya ƙare da 128 a hagu. Injiniya ya ce mu ɗauka mai shago ne zai ba da canji, a aljihunsa akwai takardun kuɗi takwas, ta 128, ta 64, har zuwa ta 1, kowacce guda ɗaya tak. An ce ya ba da 168. Zai fara da babba: 128 ta shiga, saura 40. Ta 64 ta yi yawa, a bar ta. Ta 32 ta shiga, saura 8. Ta 16 ta yi yawa. Ta 8 ta shiga, babu saura. Duk takardar da ya miƙa ka sa 1 a ƙarƙashinta, wadda ta zauna a aljihu ka sa 0, sai ga 10101000. Ita ce 168. Haka 192 take zama 11000000, wato 128 da 64. Kuma in ya juye aljihun gaba ɗaya, jimillar takardun takwas 255 ce, ba za ta taɓa wuce haka ba. A nan tambayar da muka yi shekaru ba mu yi ba ta sami amsa. Bit takwas suna iya jeruwa ta hanya 256, daga 0 zuwa 255, don haka duk wanda ya rubuta maka adireshi da 300 a ciki, ka san ko dai kuskure ne ko ƙarya.

Adireshin IP da muka saba da shi irin wannan rukuni ne guda huɗu, bit 32 ke nan a jere. An tsayar da tsarinsa a watan Satumban 1981, a wata takardar ƙa'ida mai lamba RFC 791 wadda Jon Postel ya tace, aka kuma fara aiki da shi gadan-gadan ranar 1 ga Janairun 1983, lokacin da ARPANET, uwar intanet ta yau, ta koma kan TCP/IP ɗin da Vint Cerf da Bob Kahn suka assasa. Ɗigon da ke tsakanin lambobin da kuma rubuta su da ƙidayar goma duk sauƙi ne aka yi wa idon ɗan'adam. A wurin na'ura, 192.168.0.1 jere ne guda na sifili da ɗaya har 32, babu ɗigo babu tazara.

Inda karatun ya fi daɗi, kuma inda mafi yawa suke zamewa, shi ne maski. Kowane adireshi kashi biyu ne: na gaba yana faɗin wace cibiya ce, wato wace netwok, na baya yana faɗin wace na'ura ce a cikin cibiyar. To amma a ina aka ja layin rabon? Adireshin shi kaɗai ba ya faɗa, maski ke faɗa. Shi ma bit 32 ne, sai dai ba a cakuɗa shi: ɗaya-ɗaya suke jeruwa daga hagu, inda suka tsaya sai sifili su karɓa har ƙarshe. Duk gurbin da maski ke da 1, na cibiya ne, duk inda yake da 0, na na'ura ne. Saboda haka 255.255.255.0 ɗin da muke zubawa ma'anarsa ɗaya guda 24 da sifili takwas, shi ya sa ake taƙaita shi da /24. Sifili takwas sun ba da adireshi 256, a cire na farko wanda sunan cibiyar ne, a cire na ƙarshe wanda ake yi wa kowa shela da shi, saura 254 na rabawa. Kuma tunda ɗayan ba sa tsallake gurbi, lambobi tara ne kacal za su iya fitowa a kowane rukunin maski: 0, 128, 192, 224, 240, 248, 252, 254, 255. Ba sai ka haddace su ba, tara layin allo kawai za ka yi daga hagu, 128, ƙara 64, ƙara 32, su ne za su yi ta fitowa.

Ranar da muka kai nan na tuna takardar bangon shago. Ashe 248 ita ce 11111000, sifili uku suka rage, adireshi takwas ke nan, shida na amfani, ɗaya daga cikinsu kuma na ƙofar fita ne. Kamfanin dish adireshi biyar ya bar wa shagonmu, mu kuwa ɗaya muka sani, sauran huɗun suna nan ana biyan kuɗinsu babu mai taɓa su.

Akwai wata rana da Injiniya ya ɗebi kaɗan daga cikinmu muka raka shi wata makarantar kuɗi da aka kira shi. Sun sayi sabuwar firinta mai shiga netwok, an kwana biyu ana fama, kwamfutocin ofis sun ƙi ganinta. Saurayin da ke kula musu da na'urori ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya sauya waya, ya sake matse kawunanta, ya zare daga wannan rami na suwic ya soka a wancan, har magana ta kai ga a mayar wa mai sayarwa kayansa a ce jabu ne. Da muka shiga shugaban makarantar yana tsaye, ransa a ɓace, saurayin yana gefe yana share gumi. Injiniya ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce a buɗe masa adireshin kwamfuta ɗaya, aka buɗe: 192.168.10.20, maski 255.255.255.192. Ya ce a nuna masa na firinta: 192.168.10.70, maskin iri ɗaya. Saurayin ya ce, "Oga, na duba, babu kowa a kan 70 ɗin, kuma maskin daga jikin kwamfutar na kwafo, ban canza komai ba."

Injiniya ya ciro biro, ya jawo wata tsohuwar ambulan daga kan tebur, ya rubuta layi uku a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Na farko 11000000, ƙarshen maski. Na biyu 00010100, wato 20. Na uku 01000110, wato 70. Ya ja layi daga sama zuwa ƙasa bayan gurbi na biyu, ya juya ambulan wajen saurayin ya ce, "Karanta mini abin da ke hagun layin nan." Saurayin ya ce na kwamfuta 00, na firinta 01. Injiniya ya ce, "To ka gani. Wanda ya fara haɗa muku netwok ya raba shi huɗu, 0 zuwa 63, 64 zuwa 127, 128 zuwa 191, 192 zuwa 255. Ofis yana kashi na farko, kai ka ajiye firinta a kashi na biyu. Ko da a kan suwic ɗaya suke, kwamfuta in ta duba ta ga 01 sai ta ce wannan ba ɗan gida ba ne, ta miƙa saƙon ga ƙofar fita, can kuma ba a buɗe hanya tsakanin kashi biyun ba." Ya mayar da 70 ta koma 30, ya ce a tura takarda. Firinta ta yi ƙara ta turo shafi.

Shugaban makarantar ya ce, "Injiniya, shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe. Firintarku lafiyarta ƙalau, yaronku ma bai yi sakaci ba, abin ne ba a koya masa ba." Bai tafi ba sai da ya zaunar da saurayin ya rubuta masa layin 128 zuwa 1 a bangon littafinsa, ya sa shi ya warware lambobi da hannunsa har ya gane. Wannan zaman na bayan aiki ya fi gyaran firintar tsaya mini a rai, don a sana'ar nan da yawa sun fi son su riƙe sani a aljihu domin a sake kiransu gobe.

Daga ranar, tarihin da muke haddacewa don jarrabawa ya daina zama jerin lambobi. A tsarin farko an raba adireshi aji-aji. An ce mana aji A daga 1 zuwa 126, aji B daga 128 zuwa 191, aji C daga 192 zuwa 223, muna ta bita kamar karatun aku. Da muka mayar da su bainari sai muka ga babu abin haddacewa: duk adireshin da ya fara da 0 aji A ne, wanda ya fara da 10 aji B, wanda ya fara da 110 aji C. Matsalar wannan rabo ita ce ɓarna. Aji C na'ura 254 yake ɗauka, ya yi wa jami'a kaɗan, aji B kuma 65,534, ya yi mata yawa, aji A ya haura miliyan 16. A shekarun farko an yi ta kyauta da hannu biyu, har yau duk adireshin da ya fara da 17 na kamfanin Apple ne shi kaɗai. Ganin ana neman ƙarewa, a 1993 aka kawo tsarin CIDR, wanda ya ba da damar a ja layin a kowane bit aka ga dama, /22 ko /27 ko /30. Wannan sauyi shi ya kashe kasuwar hadda, don daga nan layin rabo yana iya faɗawa a tsakiyar rukuni, inda ƙidayar goma ba ta nuna komai. A 1994 kuma aka keɓe wasu adireshi don amfanin cikin gida, waɗanda ba sa fita intanet: masu farawa da 10, da masu farawa da 192.168, da kuma daga 172.16 zuwa 172.31. Ɗalibai da yawa suna tuntuɓe a wannan 31 ɗin. Rubuta 16, za ka ga 00010000, rubuta 31, za ka ga 00011111. Bit huɗun farko ba su motsa ba, na bayan ne suka cika. Iyakar abin ke nan.

Akwai rabin karatun da ajinmu, da ma yawancin 'yan zamaninmu, suka ɗauka da wasa, wato heksa, ƙidayar sha shida-sha shida. Tana amfani da 0 zuwa 9, da suka ƙare sai ta ari haruffa: A ita ce 10, B 11, C 12, D 13, E 14, F 15. Mun ga haruffa a cikin lamba muka ce wannan na masu rubuta manhaja ne. Alhali ita ce ta fi kusa da na'ura, domin bit huɗu suna jeruwa ta hanya 16 daidai, babu ragi babu ƙari, don haka kowane harafi ɗaya na heksa bit huɗu ne cif. Ba a buƙatar ragi ko rabawa. Ka raba 11000000 gida biyu, 1100 ita ce C, 0000 sifili, ka sami C0. Ka raba 10101000, ka sami A8. Ke nan 192.168.1.1 ita ce C0A80101, 255 kuma FF. Tun da kamfanin IBM ya fito da kwamfutocin System/360 a 1964, masu tafiya da rukunin bit takwas-takwas, heksa ta zama hanyar da ma'aikata ke karanta cikin na'ura.

Wannan 16 ɗin ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Masu bugun ƙasa suna da siffofi 16, kowace siffa layi huɗu, kowane layi ɗigo ɗaya ko biyu. Malamai sun yi hani ga duba kuma ina kan haninsu, lissafin kawai nake nunawa: gurbi huɗu, kowanne da hali biyu, dole su haifi 16, ko a kan rairayi ko a cikin rauta. Duk mai cewa kan yaranmu ba zai ɗauki wannan ba bai yi musu adalci ba.

Wurin da heksa ta fara cin mu shi ne adireshin MAC, wanda ke jikin kowane katin sadarwa. Bit 48 ne, ana rubuta su da harafi 12 na heksa, biyu-biyu. Shida na farko suna nuna kamfanin da ya ƙera katin, ƙungiyar IEEE ce ke raba su, don haka wanda ya iya karatu zai dubi jerin na'urorin da ke kan rauta ya gane wacce kyamara ce, wacce waya ce. Yau masu sayar da wayifai da tikiti a ɗakunan kwanan ɗalibai da tashoshin mota suna ɗaure tikiti da MAC ɗin wayar mai saye, sai su ga lambar da waya ta nuna ba ita ce ta jikin kwali ba. Dalili shi ne tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙirar MAC na aro don kada a riƙa bin sawun mai su. Kuma akwai alama a fili: in harafi na biyu na adireshin 2 ne, ko 6, ko A, ko E, na aro ne. Me ya haɗa waɗannan huɗun? Ka warware su: 0010, 0110, 1010, 1110. Duka sun ƙare da 10. Bit ɗin nan na biyu daga dama shi ne tutar da ke cewa ba masana'anta ce ta ba da lambar ba. Wanda bai san bainari ba sai dai ya ƙara haddace lambobi huɗu.

Babban abin da ya tilasta komawa ga heksa shi ne ƙarewar adireshi. Bit 32 adireshi 4,294,967,296 suke bayarwa. Vint Cerf da kansa ya sha faɗa cewa a ganinsu gwaji ake yi, ba su zaci da wannan adadin duniya za ta zauna ba. Mutanen duniya sun haura biliyan 8 a 2022, wani ma da waya biyu da laftof. Ranar 3 ga Fabrairun 2011 hukumar IANA ta raba manyan kaso biyar na ƙarshe ga cibiyoyin yankunan duniya biyar. Na Afirka ya tafi ga AFRINIC, wadda ke da mazauni a Morishus kuma aka amince da ita a 2005, kason kuwa shi ne mai farawa da 102. In ka duba adireshin da kamfanin wayarka ke fita da kai intanet, sau da yawa za ka ga ya fara da 41, ko 102, ko 105, ko 197, duk rabon nahiyarmu ne. Asiya ta fara shiga ƙunci a 2011, Amurka ta Arewa rumbunta ya ƙare a 2015, Turai a 2019. Abin da ya riƙe mu har yau dabarar NAT ce, inda na'urori ɗaruruwa ke ɓuya a bayan adireshi ɗaya, wadda ita ce dai muke yi a shago da 192.168.0.1 ba tare da mun san sunanta ba.

Magajin, IPv6, an fara tsara shi tun 1995, aka yi bikin kunna shi a duniya ranar 6 ga Yunin 2012. Bit 128 ne, adadin adireshinsa lamba ce mai gurbi 39. Da za a rubuta shi da ƙidayar goma irin ta da, rukuni 16 zai zama, ba mai iya karantawa. Sai aka rubuta shi da heksa, rukuni takwas, kowanne harafi huɗu, aka kuma yarda a zubar da sifilin gaba, a dunƙule jerin sifili wuri guda. Shi ya sa za ka ga abu kamar 2001:db8::1, ko ka ga wayarka ta ba kanta adireshi mai farawa da fe80. Na san ƙwararrun ma'aikata, mutanen da suka shekara ashirin suna wannan aiki, da in suka buɗe sabuwar rauta abin da suke fara yi shi ne kashe IPv6, saboda haruffan suna tsorata su. Abin yana ba ni takaici, domin ga wanda ya riƙe cewa harafi ɗaya bit huɗu ne, rabon IPv6 ya fi na tsohon sauƙi. Cibiya ta yau da kullum /64 ce, rabin adireshin daidai. Ma'aikatar da aka ba /48 tana da rukuni guda cur, harafi huɗu, na rabawa, cibiya 65,536 ke nan. Gidan da aka ba /56 yana da harafi biyu, cibiya 256. Ƙirga haruffa kawai ake yi.

Za a ce yanzu akwai manhajar da ke yin wannan lissafi a waya cikin ƙiftawar ido, rauta kuma da kanta take raba adireshi. Gaskiya ne, ni ma ina amfani da su. Amma manhaja tana amsa tambayar da ka yi mata ne, kuma saurayin makarantar nan bai san akwai tambaya ba. Irinsa sun ma fi yawa a yau, don aikin ya bazu fiye da da: masu kafa kyamarorin tsaro a shaguna da masallatai, masu haɗa wayifai a otal da asibiti, masu ɗora Starlink tun da ya shigo Najeriya a 2023. Kyamarar Hikvision takan zo daga kwali da 192.168.1.64, ƙaramar rautar Huawei da ake sa wa layin waya kuma tana raba adireshi masu farawa da 192.168.8. Maski /24 ne, rukuni na uku ya bambanta, ba za su ga juna ba. Yaro zai yini yana zare waya yana sokawa, daga ƙarshe ya ɗauki kaya lafiyayye ya koma kasuwa rigima, ya yi asarar kuɗin mota, ya yi asarar yardar mai gida.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan darasi yana cikin manhajar lissafi ta sakandare a Najeriya, kuma ana tambayarsa a WAEC da NECO. Yaranmu suna koyon mayar da lamba zuwa tushe biyu, su yi ta rabawa da 2 suna jera saura, su ci jarrabawa, su manta, don ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wayar da ke aljihunsu da shi take samun hanya. Ina roƙon malaman lissafi su ba da darasi guda, ko da na minti arba'in ne, a buɗe saitin wayifai a gaban aji, a kwafi adireshi da maski a allo, a warware su da Hausa in da Hausa yara za su fi ganewa. Ina roƙon ogannin da ke da yara a ƙarƙashinsu kada su miƙa wa almajiri abin matse waya kafin su miƙa masa biro da takarda. Kai kuma mai karatu da ke son shiga sana'ar nan, rubuta 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2, 1 a saman shafi, ka ɗauki adireshin wayarka ka mayar da shi bainari da hannunka, sannan ka raba shi huɗu-huɗu ka mayar heksa. Ka yi ta maimaitawa da duk adireshin da ka ci karo da shi har sai ka daina duba saman shafin.